Isotype: Yadda tsofaffin zane-zanen ƙididdiga ke fita daga ma'ajiya zuwa zauren baje koli

Isotype hanya ce ta bayyana alƙaluman ƙididdiga da ƙananan hotuna a maimakon dogon jerin lambobi. An fara ta a birnin Vienna na ƙasar Ostiriya a shekarar 1925, aka ci gaba da ita a Holand da Ingila, har aikinta ya iso Najeriya a shekarun 1950. Tun daga 1971 takardun aikin suna ajiye a Jami'ar Reading da ke kudancin Ingila, a hannun sashen da ke koyar da tsara haruffan ɗab'i da sadarwa ta hanyar zane. Wannan taska ta zama ɗaya daga cikin fitattun misalan yadda makarantar koyon zane ke ɗauko kayan tarihi, ta nazarce su, ta sake yi musu fassara, sannan ta baje su a gaban jama'ar da ba su taɓa jin labarinsu ba.

Duk ma'aikacin da ya taɓa buɗe rahoton hukuma ya ga jerin 'yan mutum-mutumi, kowane ɗaya yana tsaye a madadin mutum dubu ko miliyan, to ya ga jikan wannan aiki, ko da kuwa wanda ya zana masa bai san sunan kakan ba.

Asalin aikin

Otto Neurath, wanda aka haifa a Vienna a 1882, masanin tattalin arziki ne da falsafa. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya jam'iyyar ma'aikata ce ta riƙe mulkin birnin, ta shiga gina dubban gidajen haya masu rahusa da wuraren kula da lafiyar yara, da harajin da take karɓa daga masu hali. Gwamnatin da ke kashe kuɗi haka tana bukatar jama'a su fahimci inda kuɗin ke tafiya, alhali lebura da ya wuni a masana'anta ba zai zauna karanta shafukan lambobi ba. A kan haka Neurath ya kafa Gidan Tarihin Al'umma da Tattalin Arziki a 1925, da tallafin hukumar birnin. Babu takobin sarki ko kambin sarauniya a cikinsa. Abin da ke ciki manyan alluna ne masu nuna yawan haihuwa da mutuwa, rashin aikin yi, gidajen da aka gina da kayan da ƙasashe ke sarrafawa. A 1927 aka buɗe baje kolinsa na dindindin a wani zaure na babban ginin hukumar birnin, kuma ana buɗe shi har da maraice domin ma'aikata su samu leƙawa bayan an tashi daga aiki.

Mutum biyu ne suka riƙe aikin tare da shi. Ta farko ita ce Marie Reidemeister, Bajamushiya da aka haifa a 1898, wadda ta karanci lissafi da kimiyyar fiziks a Jami'ar Göttingen. Na biyu shi ne Gerd Arntz, mai zane daga Jamus, wanda ya shigo a 1928, ya kuma zana alamomi kusan 4,000 a tsawon aikinsa. Ana sassaƙa alamar a jikin linoliyam, wani abu mai ɗan tauri da ake shimfiɗawa a daɓen ɗaki, a mayar da ita tamkar hatimi, a buga ta sau da yawa, a yanka da almakashi, a manna a kan allo ɗaya bayan ɗaya. A 1930 suka fitar da kundin alluna 100 da aka buga a birnin Leipzig, wanda har yau shi ne aka fi nunawa idan ana maganar aikinsu na Vienna.

Ƙa'idar da komai ya rataya a kanta

Babbar ƙa'idar Isotype ita ce: idan adadi ya ƙaru, yawan alamomi ake ƙarawa, ba girmansu ba. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya san awo. A ɗauka, a matsayin misali kawai, ana son nuna cewa hatsin da ya shigo wata kasuwa bana ya ninka na bara. Idan mai zane ya zana buhu ɗaya, ya zana wani kusa da shi da ya ninka shi tsawo da faɗi, filin da buhu na biyu ya ci a kan takarda ya ninka na farko sau huɗu, ido kuma yana iya ɗaukarsa a matsayin buhun da ke cin hatsi ninki takwas. Mai kallo bai san da wanne zai yi hukunci ba. Amma idan aka jera buhu biyar a layin bara, goma a layin bana, aka rubuta a ƙasa cewa kowane buhu yana madadin tan dubu, ko yaro zai ƙirga ya gane.

Sauran ƙa'idojin daga nan suka tsiro. Ba a zana abu yadda na nesa zai ƙanƙance, na kusa ya girma, domin hakan na ɓata kwatanci. Launuka kaɗan ne, bakwai su ne ginshiƙi: fari, shuɗi, kore, rawaya, ja, ruwan ƙasa da baƙi. Ana kuma daddale lambobi a zubar da 'yan ragowar da ba su cika alama ba, saboda Neurath yana ganin gara mutum ya fita da kimantaccen adadi a kansa da ya ga cikakkiyar lamba ya manta da ita kafin ya kai ƙofa.

Tsakanin masanin da ya kawo alƙaluma da mai zanen da zai sassaƙa alama akwai wani mutum na uku, kuma shi ne zuciyar tsarin. Sunan da suka ba shi shi ne wanda 'yan Najeriya suka sani a jikin na'urar rarraba wutar lantarki, wato taransifoma, kuma kamannin bai yi nisa ba: yana karɓar abu mai ƙarfin da ba ya shiga gida, ya sauko da shi daidai amfanin mutane. Shi ke yanke abin da za a nuna da wanda za a bari, ya zaɓi adadin da alama ɗaya za ta wakilta, ya tsara daftarin allon da fensir. Marie ce ta fi daɗewa a wannan kujera, kuma ita ta ƙirƙiro sunan Isotype a 1935, daga haruffan farko na wasu kalmomin Ingilishi masu nufin tsarin ilimantarwa na duniya ta hanyar hotunan ɗab'i.

Gudun hijira sau biyu

A watan Fabrairun 1934 aka murƙushe jam'iyyar ma'aikata a Vienna da ƙarfin soja, ayarin ya koma birnin Hague na Holand. A watan Mayun 1940 sojojin Jamus suka mamaye Holand, Otto da Marie suka tsere zuwa Ingila a cikin wani ƙaramin jirgin ruwa, Arntz ya zauna. Hukumomin Birtaniya sun tsare su na wasu watanni a tsibirin Man a matsayin 'yan ƙasar abokan gaba. Bayan an sake su a 1941 suka yi aure, suka kafa Cibiyar Isotype a Oxford a 1942. Otto ya rasu a watan Disambar 1945. Marie ta mayar da cibiyar Landan, ta ci gaba da jagorantarta shekara 26, inda ta fitar da littattafan kimiyya na yara sama da 80.

Aikin Najeriya

A shekarun 1950 Marie Neurath ta yi tafiye-tafiye zuwa Afirka ta Yamma, ta yi aiki a Gold Coast, wato Ghana ta yau, da Saliyo da Najeriya. Mafi girman aikin shi ne wanda ta yi wa gwamnatin Jihar Yamma a Ibadan, zamanin Firimiya Obafemi Awolowo. A watan Janairun 1955 gwamnatin ta fara shirin ilimin firamare kyauta, kuma tana fuskantar matsala irin ta Vienna: yadda za a bayyana wa mai biyan haraji, wanda galibi bai yi karatun boko ba, abin da ake shirin yi da kuɗinsa. Cibiyar Isotype ta tsara ƙananan littattafai a kan ilimi, lafiya, noma da yadda ake jefa ƙuri'a, da Ingilishi da kuma Yarbanci.

Abin lura a waɗannan littattafai shi ne ba a kwaso alamomin Turai an zuba yadda suke ba. An sake zana namiji da mace da yaro cikin suturar da mutanen yankin suka sani. Wannan ƙaramin sauyi ya nuna iyakar babban burin Isotype na zama harshen hoto na duniya baki ɗaya. Hoto ma sai an koye shi, kuma abin da ido ya saba gani shi yake saurin ganewa. A daidai wannan zamani Jihar Arewa tana nata fafutukar ta Yaƙi da Jahilci, da littattafai da takardun da ake bugawa a Zariya, don haka tambayar yadda za a yi wa talaka bayanin aikin gwamnati a kan takarda ba baƙuwa ba ce a nan.

Yadda taskar ta isa Reading

Da Marie ta yi ritaya a 1971 sai ta miƙa kayan cibiyar ga Jami'ar Reading, inda Michael Twyman ya fara kwas ɗin digiri a fannin tsara haruffa da sadarwa ta zane a 1968. Kayan sun haɗa da wasiƙu, daftarin fensir, bugun gwaji, hotunan allunan da aka baje a wurare daban-daban, littattafai da kayan bugawa. Zaɓin makarantar koyarwa a maimakon babban gidan tarihi shi ya tsara makomar taskar, domin ta faɗa hannun mutanen da ke tambayar yadda aka yi abu, ba kawai wanda ya yi shi da shekarar da aka yi ba.

A 1975, shekara 50 da kafa gidan tarihin Vienna, jami'ar ta shirya baje kolin Isotype. Robin Kinross, wanda ya yi ɗalibta a sashen a wannan zamani, ya ci gaba da bincike a kan aikin Neurath, daga baya kamfanin ɗab'insa na Hyphen Press ya buga littafi a kan aikin taransifoma a 2009, ɗauke da rubutun Marie da nasa. Daga 2007 sashen ya gudanar da wani babban shirin bincike na sake duba taskar. Daga cikin abin da ya haifar akwai baje koli a gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan daga Disambar 2010 zuwa Maris na 2011, da wani ƙaton littafi a 2013 wanda Christopher Burke da Eric Kindel da Sue Walker suka tace, mai ɗauke da babi a kan aikin Afirka. A 2019 kuma aka baje littattafan yara na Marie a House of Illustration a Landan.

Idan aka jera waɗannan shekaru za a ga labarin yana sauyawa alhali akwatunan ba su sauya ba. Da farko sunan Otto ne a gaba, a matsayin mai tunanin. Sannu a hankali aikin Marie ya fito fili, har a 2019 sunanta kaɗai ke kan allon ƙofa. Ba wai an tono sabbin takardu daga ƙasa ba ne. Tambayoyin da ake yi wa tsofaffin ne suka sauya.

Abin da sake fassara ke nufi a aikace

Ma'ajiya da zauren baje koli tsarinsu ya sha bamban. A ma'ajiya ana ajiye takardu bisa yadda mai su ya bar su, ko bisa lambar rajista, kuma ba a zubar da komai. A zaure kuwa mai kallo yana tsaye da ƙafarsa, minti kaɗan zai ba kowane bango, kuma babu wanda zai tilasta masa karanta komai. Aikin ɗalibin zane shi ne gina gada tsakanin waɗannan biyu, kuma matakin farko shi ne mafi ciwo: daga ɗaruruwan takardu ya zaɓi 'yan kaɗan, ya iya kare dalilin barin sauran.

Sai batun abin da za a nuna, gamammen aiki ko hanyar da aka bi. Shafin littafi da aka riga aka buga yana da kyau, amma ba ya faɗin komai game da gardamar da aka sha kafin a kai gare shi. Daftarin fensir da aka soke, aka gyara, aka rubuta tambaya a gefensa, shi ke nuna tunani yana tafiya. Shi ya sa baje kolin 2019 ya jera matakan aikin Marie tun daga zanen farko har zuwa shafin ƙarshe. Ga ɗalibi, wannan jeri ya fi lacca amfani, domin gani ya kori ji. Yana ganin inda ƙwararriya ta fara da tsari mai cunkoso, ta yi ta ragewa har ya rage abin da ba a iya cirewa.

Akwai kuma darasin da malaman zane ke yawan bayarwa a irin wannan aiki, wato a sa ɗalibi ya sake gina tsohon allo a kwamfuta, ko ya ɗauki alƙaluman yau ya tsara su bisa tsohuwar ƙa'ida. Nan take yake cin karo da abin da ido bai nuna masa ba. Idan alama ɗaya ta wakilci adadi kaɗan, layin zai fi ƙarfin takarda. Idan ta wakilci adadi mai yawa, ƙananan rukunoni za su ɓace gaba ɗaya. Sai dai wannan darasi yana da tarko. Alamomin Arntz suna da farin jini, kuma abu ne mai sauƙi ɗalibi ya kwaikwayi kamanninsu ya bar tunanin da ke ƙarƙashi. Yawancin zane-zanen bayani da ke yawo a intanet a yau wannan ne ciwonsu: an yi ado da 'yan hotuna, amma an karya ƙa'idar farko ta hanyar kumbura alama don nuna yawa.

Takarda kanta tana kafa nata sharuɗɗan. Haske yana cin launi, ɓarnarsa tana taruwa, kuma ba ta gyaruwa. Saboda haka gidajen tarihi kan riƙe hasken da ke sauka a kan takarda a wajen lux 50, wato ɗan dishi-dishi, su kuma taƙaita nuni zuwa 'yan watanni kafin a mayar da kayan cikin duhu. A nan akwai wani abin mamaki. Neurath ya so gidan tarihin da kayansa za a iya buga su da yawa a aika gari-gari, babu wani allo da ya fi wani daraja. Yau ga shi ana ɗaukar abin da ya rage na aikinsa da hannu biyu, a kulle a akwatin gilashi. Mai shirya baje koli dole ya zaɓa: ya nuna na asali a ƙarami cikin duhu, ko ya buga kwafi babba mai haske kamar yadda mutanen Vienna suka gani. Da yawa kan haɗa biyun, amma wajibi ne a rubuta a fili wanne ne na asali, wanne ne kwafi, don kada a yaudari mai kallo.

Ɗan rubutun da ake mannawa kusa da kowane abu shi ma aiki ne na kansa. Kalmomi kaɗan ne, ana karanta su a tsaye, kuma a cikinsu ne mai shirya baje koli ke bayyana matsayinsa ko ya ɓoye shi.

Abubuwan da ba su da daɗin nunawa

Nauyin wannan ɗan rubutu ya fi fitowa a wurare uku. Na farko, a kundin 1930 an raba mutanen duniya rukuni biyar bisa launi, fari da ruwan ƙasa da rawaya da baƙi da ja, aka bambanta su da irin abin da ke kansu, kamar malafa ko rawani. Masu aikin 'yan adawa ne da aƙidar wariyar launin fata ta 'yan Nazi, har gudun hijira suka yi saboda ita, amma rabon da suka yi amfani da shi na zamaninsu ne, kuma a yau kimiyya ba ta yarda da shi ba. Ɓoye allon ha'inci ne ga tarihi. Rataye shi babu bayani kuma tamkar amincewa da shi ne.

Na biyu, daga 1931 zuwa 1934 ayarin ya taimaka wajen horar da ma'aikatan wata cibiya a Mosko mai suna Izostat, wadda ke zana nasarorin shirin raya ƙasa na shekara biyar na Tarayyar Sobiyet. Allunan sun haɗa da adadin da ake fatan cimmawa, kuma an yi su a shekarun da yunwa ta kashe miliyoyin mutane a ƙasar, musamman a 1932 da 1933. Tsari mai tsabta ba ya wanke alƙaluman da aka zuba masa. Wannan darasi ne da ya shafi duk wanda ke shirya rahoton ofis, ba ɗalibin zane kaɗai ba.

Na uku shi ne aikin Afirka. An yi littattafan Jihar Yamma ne kafin samun 'yancin kai a 1960, amma gwamnatin 'yan ƙasa zaɓaɓɓu ce ta nemi a yi su, don shirye-shiryen da ita ta tsara. Wanda ya kira su farfagandar mulkin mallaka kawai ya tauye gaskiya, haka ma wanda ya ɗauke su kyautar wayewa daga Turai. Akwai kuma tambayar masu kallo. Mai ziyara a Landan yana ganin kyan zane da tsarin launi. Jikan wanda ya shiga aji ɗaya a Ibadan a 1955 zai ga tarihin gidansu. Daftarin waɗannan littattafai da wasiƙun da suka shafe su suna Reading, kuma ɗaukar hotonsu a sa a intanet yana rage nisa, ko da yake ba ya maye gurbin riƙe takardar a hannu, a ga kaurinta da inda fensir ya danne.

Marie Neurath ta rasu a Landan a 1986, Arntz kuma a Hague a 1988. Gudun hijirar ya raba kayan gida uku: wani kaso na aikin farko yana Vienna, inda gidan tarihin da ke ɗauke da tsohon sunan yake aiki har yau, alamomin Arntz da bugunsu suna babban gidan tarihin zane na birnin Hague, takardun cibiyar da aikin Najeriya kuma suna Reading.